Baturen da Ya Cinye Ka Sau Bakwai

Magarya, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Safwan, inuwar gawo a tsakiyar rani, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, sanyin randa ga wanda ya dawo daga gona.

Assalamu alaikum. Kafin komai ina neman gafararka a kan wannan ƙarfin hali. Ban taɓa rubuta wa namiji takarda ba in ban da Mushe, malamin ajinmu, ita ma ta neman izinin zuwa likita ce. Wannan ita ce ta huɗu da na yago daga tsakiyar kayena, littafin rubutuna. Ukun farko suna murhun yayata Balaraba, sun taimaka wajen dafa wake. 

Ni ce Hinda ƴar garin Kwaya, wadda ke aji biyu ƙasa da kai a lise, sakandarenmu. Na san mu uku ne masu wannan suna a lakwal, wato makaranta, don haka bari in tuna maka. Sati biyar da suka wuce, ran wata Talata da aka tashi daga aji, hadari ya haɗo daga gabas, irin wanda ke cika gari da iska ya tafi bai ba da ko ɗigo ba. Iskar ta fizge takardun debuwar ɗina, aikin gidan da aka ba mu, ta watsa su a bakin ƙofa. Kana zaune gindin bishiyar dogon yaro inda rezon waya ya fi ƙarfi, kanka a sunkuye. Ka ajiye wayarka a kan benci ka bi takarduna da gudu, ɗaya ma sai da ka durƙusa ka zaro ta daga ƙarƙashin amalanke. Ka kakkaɓe su ka miƙo mini, ka ce rubutuna kamar shukar da aka ja wa igiya.  Idona yana ƙasa, shi ya sa ya faɗa kan wayarka: fili kore shar, tuta ja, ɗan ƙwallo fari, lokacin bugunka ya wuce saboda ni. A sama kuma ga sunan da ka raɗa wa kanka, Zakin Dungas.

Tun daga ranar zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Wane irin mutum ne zai bar wasansa ya lalace don takardun yarinyar da bai ma san sunanta ba? Ya kai ruwan da ya sauka a daren shuka! In na buɗe littafi kai nake gani tsakanin layuka.  Ina son in gaishe ka, sai dai kullum in wuce ka da sauri.

To, yanzu ga abin da ya sa ni rubutu, kuma ina roƙonka ka karanta shi inda abokanka ba sa leƙowa.

Da na ga baki ya gaza, sai na ari wayar Yaya Balaraba na sauko da wasan golf ɗin da na gani a wayarka. Wasan ya ba ni suna na lambobi, ban san yadda ake canja shi ba. Na nemo Zakin Dungas na aika masa gayyata. Wallahi niyyata kawai in ga sunanka kusa da nawa, ko da nawan lamba ne. Ban shirya cin kowa ba.

Amma Yaya Safwan, hasken idona, me ka yi wa iska ne take ramawa haka? Ko kuwa kai ne ba ka gaishe ta? Kullum sai ka saita sandarka tsaf a kan tuta, ka zage ƙarfi ka buga, ƙwallon ya tashi sama kamar shirwa, sannan iska ta ɗauke shi a hankali ta kai shi tafki. In ya tsira daga tafki, yana cikin rairayi. Kifayen wannan tafki sun san ka fiye da yadda tutar ta san ka. A kusurwar allon, ta hannun dama, akwai ƴar kibiya da lamba a ƙarƙashinta, tana faɗa maka inda iska ta nufa da irin ƙarfinta. Kai da ake cewa duk ajinku babu mai zana kibiyoyi a darasin fizik kamarka, yaya ka kasa ganin guda ɗaya tak da aka zana maka kyauta?

Ni ba a littafi na koya ba. Duk kaka, in an gama sussukar gero a Kwaya, ni ke tsayawa shiƙa tare da kakata, Inna Ƙande. Ba ta bari a ɗaga ƙwarya sai an ɗebi ƙaiƙayi da yatsu uku an saki, an ga inda ya bi. Ba a fuskantar iska, ba a ba ta baya, gefe ake ba ta. In ta yi ƙarfi, sai a sassauto da hannu ƙasa, in ba haka ba ta kwashe har da tsabar. Kuma ƙwaryar tara ba a ajiye ta daidai ƙasan hannu, ana gusar da ita inda hatsin zai sauka. Na sha ranƙwashi kafin in iya. Shi ke nan duk sirrin: ka karkata sandarka wajen da iskar ke fitowa, ka buga ƙasa-ƙasa, ka bar ta ta ƙarasa maka aikin.

Ran Alhamis ina wucewa na ji kana gaya wa abokanka cewa mai lambar nan tabbas Bature ne, wanda aka haifa a kan ciyawa, ubansa ma ƙila yana da filin golf a bayan gida. Sai da na cusa gefen hijabina a baki. Baturenka dai ga shi, ko Damagaram sau biyu ya taɓa zuwa, a bayan gidansu kuwa akuya uku ce da rumbu. Amma ka ƙara da cewa in ya sake cinye ka za ka goge wasan gaba ɗaya. Nan dariyata ta tsaya. In ka goge, ta ina zan ƙara ganinka?

Shi ya sa ran Asabar ka ci. Sau takwas muka kara, bakwai nawa, ɗaya naka, kuma wannan ɗayan ni na jefa ƙwallona a tafki da gangan, har sau biyu. Ran Litinin na ga kana nuna wa kowa allon wayarka, fuskarka kamar gonar wake ta yi fure. Na so in yi murna, na kasa. Na ji kamar na sayar maka da gero da tsakuwa a ciki. Cin da na yi maka bai taɓa damuna ba, wannan faɗuwar ce ta hana ni sakewa, don ba na son abu na farko da na ba ka ya zama ƙarya.

Na san zai yiwu ka ji zafi. Zai yiwu ka ce yarinya ta raina ka, ka yaga takardar nan. In haka ne, ban ga laifinka ba. Ka dai sani babu wanda zai ji wannan zance daga bakina. A wurin abokanka Bature zai ci gaba da zama Bature har ka gama jarrabawar bak ka tafi. Ni kuwa, ya kai tauraron asubahina, ko ka amsa ko ka yi shiru, zuciyar nan ba ta da wata tuta sai kai, kuma babu iskar da za ta karkatar da ita.

Abu ɗaya nake roƙo: ka yarda in sake rubuto maka? Ba sai ka ce komai ba, don in ka tsayar da ni a hanya zan iya faɗuwa. Ran Asabar bayan la'asar wayar Yaya Balaraba za ta kasance a hannuna, cike da caji. In na ga gayyata daga Zakin Dungas, na san ka yarda. Sai dai ka zo da shiri, don ba zan ƙara faɗuwa da gangan ba.

Taka har kullum, in ka so,
Hinda