Kada a Sa Wuƙa a Littafin Célestin

Zuwa ga
Mai Girma Magajin Garin Villard-sur-Ozanne,
Ofishin Magajin Gari.

Daga
Léontine Barbotin,
matar marigayi Célestin Barbotin mai ƙera ganguna,
Layin Bayan Coci.

9 ga Afrilu, 1889.

Game da: Niyyar Malam Fauchereau ta tsaga littafin da mijina ya aro

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma irin wadda ta dace da kujerarka, ina neman izinin kawo ƙara a kan Malam Fauchereau, malamin makaranta, wanda makullin ɗakin karatu na gari yake hannunsa. A yi haƙuri da rubutuna. Ban daɗe a makaranta ba kiwon agwagi ya ɗauke ni, kuma duk abin da zan faɗa daga ka nake faɗarsa.

1. A watan Nuwamban bara mijina ya aro sabon littafi mai suna Shakkar Gontran, na Évariste Daubrel, mutumin Paris. Shi ne ya fara aronsa. Duk tsawon lokacin sanyi, kowace Lahadi in mun dawo daga coci mun ci abinci, sai ya zauna kusa da murhu ya ɗora tabarau yana karanta mini, ni kuwa ina tsintar wake. Labarin wani Gontran ne da ya haukace a kan wata yarinya mai wushirya, mai dariya kamar an zubar da kwanoni, wadda ta taɓa jifan mai karɓar haraji da takalmin katako. Ta kuma ƙona miyar albasa ranar da uwar Gontran ta zo ganinta. Na ce masa yarinyar nan ba ta da kai. Ya ce shi ma haka ya gani, amma Gontran ba ya jin magana.

2. Mijina ya rasu ranar 12 ga Maris, ciwon ƙirji. Ranar 2 ga Afrilu, ina cikin baƙaƙen kayana, Malam Fauchereau ya zo karɓar littafin, wai Madame Ravenel matar likita tana jiransa. Na miƙa masa. Ya jujjuya shi, ya tambaye ni wa ya karanta. Na ce mijina, saura kaɗan ya gama. Sai ya nuna mini bakin littafin. Mai Girma ya fi ni sanin cewa sabon littafi da ganyensa, wato shafukansa, a haɗe yake zuwa, a naɗe ta sama, sai an bi da wuƙa an tsaga kafin a ga abin da ke ciki. To, ko ɗaya ba a tsaga ba. Ashe a dunƙule Célestin yake juya su, ni kuma idona yana kan wake.

3. Malam ya ce shi ya karanta labarin tun yana fitowa kashi-kashi a jarida, babu wushirya a ciki, babu miya. Wai Gontran na gaskiya yana tsaye ne a ƙofar wata baiwar Allah, yana binciken zuciyarsa ko sonta yake yi ko kuwa kansa yake so ya gani yana sonta, har littafi ya ƙare bai ƙwanƙwasa ba. Ya ce marubucin ya yi dogayen sharhi a kan wannan cuta ta kasa yanke shawara, manyan mutane suna yaba shi. Ba ni da ja, Allah ya ba su lafiya. Amma ya ce mijina yaudarata ya yi, ya kuma maimaita kalmar a gidan burodi a gaban mata.

4. Ina neman afuwa a kan abin da ya biyo baya, don na san ya iso kunnen Mai Girma. Yana cikin bayaninsa harshena ya taɓo wushiryata. Na tuna da mai karɓar haraji, wanda har ya mutu in ya hango ni sai ya canza hanya. Dariya ta kama ni har na zauna a kan buhun wake. Na fizge littafin daga hannun Malam, na zagaya teburi ina rawa da shi, baƙin siket yana ta tashi. Ranka ya daɗe, tun muna matasa muke tare da Célestin, bai taɓa ce mini na yi kyau ba. Iyakar yabonsa shi ne miya ta ji gishiri. Ashe ya tara maganar ne ya sa a bakin Gontran: wuyanta, tafiyarta, yadda take masifa kunnenta ya yi ja. Ni kuma ina zaune ina zagin yarinyar, yana gyaɗa kai. Tun ranar nake tuno wurare ɗaya bayan ɗaya. Dariya ta kuɓuce mini a wurin wanki, ta kuɓuce mini a coci har Fada, limamin cocin, ya harare ni. Maƙwabta suna cewa baƙin ciki ya taɓa mini kai. Lafiyata ƙalau. Sai dai in na gama in juya in ba Célestin labari, in ga kujerarsa ba kowa.

5. Malam ya aiko cewa ranar Asabar, 13 ga wannan wata, zai zo da ɗan sandan gari ya karɓi littafin, ya tsaga shi da wuƙar ƙashin nan da yake yawo da ita a aljihu, don matar likita ba ta son wahala.

6. Ba mu ƙare labarin ba. A Lahadin ƙarshe, tari yana katse mijina, ya kai Gontran kan tsani a jikin katangar uban yarinyar, zobe a bakinsa saboda hannuwansa biyu suna riƙe da itace. Nan ya rufe ya ce sauran sai Lahadi mai zuwa. Muddin ganyen nan suna haɗe, sauran yana ciki da muryarsa. In aka sa wuƙa, mutumin Paris ne zai fito, shi da ƙofarsa.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma ya hana Malam Fauchereau zuwa ranar Asabar, ya ba da umarni a bar mini wannan littafi a rufe yadda mijina ya bar shi, a nemo wa ɗakin karatu wani. Gangar ƙarshe da Célestin ya ƙera tana nan, gari ya ɗauka a madadinsa. Ina kuma roƙon a sa Malam ya janye kalmar yaudara a gidan burodin da ya faɗe ta.

Idan kuwa ƙarshen labari Madame Ravenel take so, ta zo gidana ranar Lahadi, ba sai an tsaga komai ba. Tsanin ya karye, Gontran ya faɗo cikin kabejin babana, saura kaɗan ya haɗiye zoben. Ina tsaye a taga. Yana tofar da ƙasa na ce masa na yarda.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci. Ina jiran amsa kafin Asabar, cikin ladabi da biyayya.

Baiwarka,
Léontine Barbotin,
matar Célestin.