Tunkiyar Baban Sani

Gusau, daren Laraba, 1998

Na gaji tilis. Tun da Inna ta kwanta ciwo muka fasa tafiya hutu Jos, nake bin Sani direba ya maido mini kafin alƙalamin shatar mota. Kullum sai "gobe, Malam."

Yau na hau kabu-kabu har ƙauyen Kekun Waje, na kai ƙararsa wurin mahaifinsa. Tsohon ya miƙe ya nufi turke. Ya kwance tunkiyarsa ɗaya tilo ya sayar wa maƙwabci, ya miƙo mini kuɗin da hannu biyu.

"Ka rufa mana asiri, ɗana," in ji shi.

Gobe zan sayo wa Inna magani. Amma barci ya ƙi zuwa. Da na rufe ido, turken nan nake gani, da igiya yashe a ƙasa.