Ciyawar Bayan Waya

Yaya Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Idan kin je gidan kula da tsofaffi ki gaishe mini da Mama, ko da ba za ta gane sunana ba.

Ruwa shiru tun Afrilu. Makiyayata ta koma kamar tsakar gidan da aka share, shanun da Baba ya bari duk haƙarƙarinsu a waje. Amma rabonki na filin, na gabas, wanda gwamnati ke biyanki don a bar shi ya huta, ciyawarsa ta kai gwiwa. Kullum shanun suna jere a jikin wayar shinge suna kallo. Jiya Goshi, saniyar nan da Mama ta shayar da kwalba, ta cusa kai cikin waya har wuyanta ya yage.

Na je ofishin gona. Jami'ar ta ce, "Delbert, ni ma ina gani, amma ba a taɓa ciyawar sai tsuntsaye sun gama ƙyanƙyasa." Na ce, "To tsuntsayen ne za su ba ni maruƙa baɗi?" Ko murmushi ba ta yi ba.

Filinki ne. Ki yarje mini in buɗe ƙofar, ba zan yi a bayan idonki ba.

Ƙaninki,
Delbert

*

Delbert,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso nan birnin Omaha, kuma na ji zafinta. Amma amsata a'a ce.

Idan aka ga kofato ɗaya a filin nan, za a soke yarjejeniyar, alhali da kuɗinta ne Mama ke zaune inda ake kula da ita. Ba ka nan ranar da ta bar murhu a kunne ta fita titi da rigar barci. Kuma kada ka manta, kai ka kawo mini takardun shirin lokacin da iska ke kwashe ƙasar filin.

Ka sayi busasshiyar ciyawa, ka daure zuwa Agusta. Allah ya kawo ruwa.

Yayarki,
Marlys

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Sannu da shawara, ta mutanen birni ce sak. Busasshiyar ciyawa a ina? Duk gundumar nan babu mai ko dami ɗaya na sayarwa.

Goshi ta mutu a jikin wayar. Da tarakta na ja ta zuwa rami, kuma na yi kuka, ba na ɓoye miki. Maƙwabcinmu Emil ya ce, "Kai dai wawa ne, almakashin waya nawa yake? Wa zai gani?" Na ce masa na yi wa yayata alkawari.

Ba zan sake roƙonki ba. Ba zan kuma tsaya ina kallonsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba.

Delbert

*

Ƙanina,

Ina fatan wannan ta same ka da wuri. Ka yafe mini jinkirin amsa, fushi nake da kai.

Ranar Lahadi hankalin Mama ya dawo na ɗan lokaci. Ba ta tambaye ni ba, ba ta tambaye ka ba. Ta ce, "Goshi tana cin abinci kuwa?" Na ce tana ci.

Ka buɗe ƙofar. In sun soke, su soke. Zan ɗauko Mama in kawo ta ɗakina, mu ga abin da Allah zai yi.

Taka,
Marlys

*

Yaya Marlys,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta zo tare da ta ofishin gona. Sun ce tsuntsaye sun gama, kowa na iya sakin shanunsa.

Amma na riga na sayar. Motocin kasuwa sun kwashe garken tun ranar Asabar, har maruƙan.

Duk da haka na je na buɗe ƙofar, tunda kin ce. Na daɗe a tsaye. Ciyawar ta yi kyau ƙwarai.

Ki bar Mama inda take. In ta sake tambaya, ki ce tana ci.

Ƙaninki,
Delbert