Kuɗin Firjinki Ya Shiga A-kori-kura

Maman Biyu,

Na tarar kin tafi kai yara makaranta, ni kuma masu kaya suna jirana, shi ya sa na bar miki wannan a kan tebur.

Jiya a hanya kwamfireson esin a-kori-kurata, wato injin sanyaya motar, ya cije, ya tsinke bel, motar ta tsaya cak. Mai gyara ya shafa kumfar sabulu a jikin bututun gas ɗin esin, nan take wurin yoyon ya nuna kansa. Daidai inda kika nuna mini maiƙo yana tsattsafowa ne, wata huɗu da suka wuce. Ɗan zoben roba ne ya mutu, wanda kuɗinsa bai kai na burodi biyu ba. Ni kuwa sau uku ina zuwa ana ɗura mini gas ina murnar na sami sauƙi, ashe man kwamfireson yana bin gas ɗin yana tsiyayewa har ya ƙone.

Sai da aka sa sabo, don in babu shi motar ba za ta motsa ba. Kuɗin da muka shekara muna tarawa na firjinki na ɗauka, duka. Ban iya faɗa miki jiya ba, kunya ta hana ni.

Don Allah ki kira mai shago ki ce kada ya kawo firjin yau.

In na dawo ki amayar da duk abin da ke ranki. Yau ba za ki ji na ce "me kika sani game da mota" ba.

Mijinki mai kunnen ƙashi