Ɗinkin Rigar Habibu

Azare, daren Laraba, daminar 2006

Yau Habibu ya wuni a makaranta bai tuɓe riga ba. Karo na farko ke nan tun da aka sa shi aji ɗaya.

Wata uku kowa na laƙaba wa ɗana suna. Hajiya, uwar mijina, ta ce iska ce, har ta aiko da turare daga Giade, hayaƙin ya sa shi amai. Likita kuma ya rubuta mini wani dogon sunan Turanci, wai ƙwaƙwalwarsa ba ta tace abin da jikinsa ke ji. Na ce, "To Likita, gobe da safe me zan yi masa?" Ya ce in yi haƙuri.

Ba wanda ya tambayi yaron. Jiya ina shafa masa mai na tambaye shi. Ya ce, "Umma, ɗinkin ciki ne ke cizona, kamar cinnaka."

Na farke rigar, na hau keken ɗinki na mayar da ɗinkin waje, na wanke sitacin tas. Da safe hedimasta ya tare mu, wai yaro ya sa riga a baibai, za a yi masa dariya. Na ce, "Malam, a yi dariyar, in dai yana aji."

Takardar likita ban yar ba, wataƙila yana da gaskiya. Saura ƙarar injin markaɗe da ke sa shi toshe kunne, ita ma zan gano kanta. Amma kowa ya riƙe sunan da ya kawo. Ranar da aka yanka ragon suna, Habibu aka ce.