Tagar Gwaggo Hajo

Karaye, Litinin

Ƙanwata Zuwaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Na rubuto ne don a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana.

Magini ya duba gidan marigayi Baba. Ya ce ɗakunan nan uku kamar akurki suke. In aka rushe ɗan ɗakin baya, aka mayar da su biyu manya masu banɗaki a ciki, ma'aikata za su yi rububin saye, a raba gado kowa ya huta. Gwaggo Hajo kuwa, na share mata ɗaki a gidana.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Ƙasimu

Rogo, Alhamis

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, a gaida matarka Adawiyya. Ka share mata ɗaki, to ka tambaye ta? Tun rasuwar mijinta Baba ya ba ta ɗakin bayan nan, shekara talatin ke nan. Ta tagarsa take sayar da ƙuli-ƙuli, ta nan unguwa take gaishe ta.

Maƙwabcinmu Malam Ilu yana son gidan. Ya ce in an bar ɗakunan uku yadda suke, biyu sun ishi ɗansa, Gwaggo ta zauna a nata iya ranta. Ba zai kai tayin ma'aikatanka ba, ban ɓoye maka ba.

Taka, Zuwaira

Karaye, Asabar

Zuwaira,

Salam. Ke dai tausayi ya yi miki yawa. Ni ma ai ɗanta ne, ba titi zan jefa ta ba. Ki faɗa mata, ki ji ta bakinta.

Ƙasimu

Rogo, Talata

Yaya,

Bayan gaisuwa, na faɗa mata. Cewa ta yi, "Duk yadda Ƙasimu ya ce, Allah ya yi masa albarka." Jiya ta ɗaure kayanta, kaskon suyarta ta ba Ummu Hani ta maƙwabta. Wallahi sai da na yi kuka. Abu ɗaya ta tambaye ni: wai ɗakin nan na Karaye yana da taga ta waje? Ban san amsa ba.

Allah ya bar zumunci.
Zuwaira

Karaye, Laraba

Ƙanwata,

Na shiga na duba. Ba shi da ita.

A bar uku, ki sanar da Malam Ilu. Kuma ki je ki karɓo mata kaskonta.

Ki gaishe min da ita da kyau.
Ƙasimu