Sun Ce Ni Ɓarauniyar Ƙuri'a Ce

Talata, 15 ga Oktoba
Sun rufe ɗakin haihuwa na asibitin garinmu. Da masana'antar gilashi ce, sai gidan jarida, yanzu wannan. A talabijin kuwa wani mai ƙyalƙyalin haƙora yana ta rantsuwa wai arziki ya dawo Amurka. Wataƙila ya dawo, bai dai biyo ta wannan lungu na Ohio ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Vernon ya zo cin abinci bayan coci. Ƙanena, wanda na raina da hannuna bayan rasuwar Mama. Ko hular jam'iyyarsa bai cire ba ya zauna.
"Yaya, bana ma ke ce a rumfar zaɓe?"
Na ce yaushe na taɓa fashi?
"To muna kallonku. Wancan karon kun yi mana sakiyar da ba ruwa."
Na ce, Vernon, har da ni a cikin "kun" ɗin?
Ya yi dariya, ya ƙara dankali a faranti. "Haba Yaya. Ke ai ba ki ma san ana amfani da ke ba."
Da ya kira ni ɓarauniya da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Harriet, abokiyar zamana a teburin rajistar masu zaɓe, ta ajiye aikin. Wani ya buga mata waya, ya faɗa mata sunan makarantar jikokinta, ya kashe. "Lorna, ni kam na tsufa da wannan," ta ce. Ban ga laifinta ba.

Laraba, 30 ga Oktoba
Ƙwai ya sake tashi. Kowace jam'iyya ta ce laifin ɗayar ne. Ni dai na mayar da shi inda na ɗauko.

Talata, 5 ga Nuwamba
An yi, an gama. Cikin ɗakin wasannin makaranta, inda aka kaɗa ƙuri'a, komai lafiya. Mutane sun yi layi, amma ba mai gaisawa da na kusa da shi, mutanen da ke haɗuwa a biki da jana'iza. Da muka fito da akwatin ƙuri'u za mu sa a mota, ga 'yan jam'iyyar su Vernon nan tsaye da wayoyi suna ɗaukarmu hoto. Wani ƙato, wanda na sha zuba wa miya lokacin da nake girki a makarantar nan, ya daka tsawa: "Ɓarauniya! Me kika cusa a ciki, tsohuwa?" Ya tofa yawu a gilashin motar.
Vernon na gefensa. Mun haɗa ido. Sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Ɗan takarar su Vernon ya ci. Yau ba wanda ya ce an yi maguɗi. Vernon ya aiko saƙo: "Kin ga amfanin sa ido?" Ko sannu babu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba
Ranar Godiya, bikin da dangi ke haɗuwa su ci talotalo. Ban sayi talotalo ba, 'yar kaza na gasa. Waya ta yi ƙara, sunan Vernon ne. Na zauna ina kallonta har ta gaji. Na ɗauka zan yi kuka. Na cinye kazata, har ƙashi na tauna.

Litinin, 9 ga Disamba
Matar ofishin zaɓe ta kira, wai in tabbatar mata zan yi aikin zaɓen baɗi, masu aiki sun yi ƙaranci. "Uwata, ki taimaka, irinku sun ƙare." Na ce gwiwa ce ta matsa mini. Ta yi mini sannu har sau nawa, baiwar Allah.
Gwiwa dai takan yi ciwo in sanyi ya shigo. Za ta iya yin ciwon kafin baɗi.
Da yamma na taka har bakin kogi na dawo, ban ko huta ba. A rediyo suna ta gardama kan makomar ƙasa. Na saurara kaɗan ina yanka albasa, ina cewa a raina, oho, Allah ya kyauta musu.